A Zane, Tanderu Yana Ciki

Ba kowane gini Allah yake yi wa gata irin wanda ya yi wa gidan burodin Gwaggo ba. Wasu gine-ginen daga magina sai leburori, haka suke tasowa ba mai ce musu kun yi kyau ko kun yi muni. Wannan kuwa ya samu Akitek. Kuma ba irin wanda zai zana ya miƙa takarda ya kama gabansa ba. Wannan da ƙafarsa yake zuwa, kowace Alhamis da ƙarfe sha ɗaya, ya tsaya a inuwa ya dubi aikin, aikin ma ya san an dube shi.

Wanda bai ga isowarsa ba an bar shi a baya. Mota takan tsaya can nesa da tulin yashi, don mutuncin tayoyi. Ƙofa ta buɗe, takalmi ya fara leƙowa ya ga ko ƙasar ta cancanta. Sai farar hular kwano ta biyo, hular da ta yi wata tara tana zuwa wurin gini amma ko ɗigon siminti bai taɓa samun izinin sauka a kanta ba. A hammata ga dogon bututun roba cike da zane-zane. A aljihun gaba ga alƙaluma huɗu, ja da baƙi da shuɗi da kore, kowanne da irin ranar da ake fito da shi. A ƙugu kuma ga tef ɗin awo yana ƙyalli, yana hutawa.

Kada wani ya kuskura ya ce masa Injiniya. Wani lebura ya taɓa yi, da zuciya ɗaya, ya sha lacca ta minti ashirin da kwanon kankare a kansa. Injiniya, in ji shi, ɗan lissafin rodi ne kawai. "Injiniya yana hana gini faɗuwa," ya ce. "Ni nake ba gini dalilin tsayuwa." Kafin a sallami leburan kankaren ya fara daskarewa.

Tun ranar da aka ja igiyar harsashi ya tara ma'aikata kaf, ya hau kan bulo biyu don na baya su amfana da ganinsa, ya shimfiɗa musu doka.

"Ku buɗe kunnuwanku. Daga yau zane zai bar takarda ya shiga ƙasa, kuma a nan ne ake kashe gini. Ba guduma ke kashe gini ba, ra'ayi ne. Duk wanda ya riƙe cokalin gini sai ya ga shi ma yana da ra'ayi. Aikina a nan in tsaya tsakanin zane da ra'ayoyinku. Ni ne idon Mai Aiki, ni ne kunnenta, in ta kama ni ne bakinta. Zan duba, zan amince, zan ƙi amincewa. Wanda yake da tambaya kada ya tare ni a hanya kamar mai talla. Ya rubuta."

Ya kuwa cika alkawari. Ya sa aka kafa akwatin katako a jikin sito, da kwaɗo da 'yar tsaga a sama. Mai tambaya ya rubuta kofi uku ya jefa. Ranar Alhamis a buɗe, a tafi da takardu ofis, Alhamis ta gaba amsa ta dawo da hatimi. Ko wane gefe ƙofar bayi za ta buɗe sai an yi mako ana jiran hukunci. Kafin wata ya cika ma'aikata sun raɗa masa Sai-a-Rubuce, sunan kuma ya zauna masa daram. Wata rana kafinta ya so gaya masa cewa bulon da ya ɗora ƙafa a kai ɗanye ne, aka ce ya rubuta. Bai gama laluben biro ba bulon ya ba da amsa da kansa.

Mai Aikin nan da ya zame wa ido da kunne da baki gwaggonsa ce, ƙanwar mahaifinsa, wadda ta riƙe shi tun yana yawo da majina a hanci. Shekara ashirin da shida ta yi tana gasa burodi a wani ɗaki a bayan shago, da tanderun itace, har hayaƙi ya cinye mata rabin gani. Likita bai ɓoye mata ba: ko ta bar hayaƙi ko ido ya bar ta. Sana'a kuwa ba ta san wata ba, kuma ba ta da niyyar zama a tsakar gida a riƙa yi mata sannu. Shi ya sa ta sayi ɗan fili, ta sa wani kamfani mai nisa ya ƙera mata tanderun ƙarfe mai aiki da gas, wanda ba ya hayaƙi. Abin da ta roƙi ɗan yayanta bai da yawa. Ta ce ya yi mata ɗakin da zai rufe tanderun, da ɗan wurin miƙa wa mutane burodi.

Kunnen gwani ba irin namu ba ne. Ita ta ce ɗaki, shi ya ji Cibiya. Ya yi mako shida a kulle, ya fito da zane ashirin da huɗu, goma sha ɗaya a cikinsu duk na bangon gaba ne, wanda ya hana a kira shi bango. Sunansa Fuska. Bulo ne na musamman mai huda-huda, ba shafe ba fenti, a jera shi ya ba da siffar zangarniyar alkama ga wanda ya tsaya a tsallaken titi ya karkata kai. A tsakiya ƙofa doguwa siririya, domin, kamar yadda ya bayyana, mai shigowa ya ji ƙanƙantarsa a gaban burodi. A ƙarƙashin duka kuma dandamali mai tsayin gwiwa, saboda gini mai daraja ba ya zama daidai da titi.

A wurin aiki ya roƙe ta da ta daina ce masa "ɗan nan", tunda shi ma Mai Aiki yake ce mata. Ta ce to, ɗan nan.

Ba za a ce bai yi mata hidima ba. Ranar zaɓen fentin ciki ya jera mata farare bakwai a kan allo, kowanne da sunansa, ya yi awa guda yana bayyana halin kowanne. Gwaggo ta matso da fuska har hancinta ya kusa taɓa allon, ta ce ita duk fari take gani. Ya yi murmushin haƙuri irin na masu ilimi, ya zaɓa mata na huɗu, ya rubuta da shuɗin alƙalami cewa Mai Aiki ta amince. Ranar da aka ɗaure rodin rufi ma sai da ya duba shi tsaf. Gaskiya ne bai hau ba, don tsanin na katako ne. Mai sito ne ya hau ya ɗauko hotuna a waya, shi kuma ya duba su a ƙasa da idon basira, ya ƙi amincewa da biyu saboda sun yi duhu.

Babban maginin wurin wani dattijo ne da kowa ke ce wa Baba, mai guntun gemu da tafin hannu kamar bayan bulo. Shekara arba'in yana gini, ba ya yawan magana, kuma rubutu ba ya cikin abokansa. Da bangon baya da na gefe suka kai linta, ana shirin zuba rufin kankare, sai ya tari Akitek a bakin sito, ya cire hula, ya ce yana da 'yar tambaya a kan tanderu. Aka nuna masa akwati da bakin alƙalami.

Baba bai yi musu ba. Ya zaunar da mai sito ya yi masa shifta, kofi uku: Tanderu ta ina zai shiga?

Bayan mako amsa ta dawo da baƙin alƙalami: A duba zane mai lamba bakwai.

Suka warware zane mai lamba bakwai a kan buhunan siminti, suka danne kusurwoyinsa da duwatsu. Ga ɗakin gashi. Ga tanderu a tsakiya, akwati mai kusurwa huɗu, an ja masa layi biyu a gicciye, an rubuta faɗinsa da tsawonsa da kyakkyawan rubutu. Yana zaune abinsa lafiya lau, bango huɗu sun kewaye shi. Baba ya daɗe yana kallo, sannan ya sake yin shifta: Mun duba. Ta ina ya shiga?

Wannan karon jan alƙalami ne ya fito. An riga an amsa wannan tambaya. A daina ɓata lokacin ofis.

A nan ya kamata a yi wa Akitek adalci, domin ba ƙarya yake yi ba. A cikin kansa tanderun yana ciki. Shi ya saka shi da hannunsa, wata tara da suka wuce, a kwamfuta, bai ko yi gumi ba. Ya ja shi daga gefen allo ya ajiye a tsakiyar ɗaki, bango bai hana shi ba, ƙofa ba ta ce uffan ba. Abin da ya riga ya shiga, don me wani tsoho mai cokali zai dame shi da ta ina ya shiga?

Maganar ta kai kunnen Gwaggo, don Baba ya ɗan gutsura mata a fakaice, ba ya son ya kunyata ɗa a gaban uwa. Da Akitek ya je gaishe ta ranar hutu ta tambaye shi. Ya je mota ya ɗauko bututu, ya shimfiɗa mata zane a kan tabarma, ya kama yatsanta ya ɗora a kan akwatin mai gicciye. Ya ce ga shi nan, Gwaggo, yana ciki. Ita ba ta ga komai ba sai dishi-dishi, amma ta ji yatsanta a hannun yaron da ta raina har ya zama mutum mai hatimi, daɗi ya rufe ta. Ta ce tunda ya ce yana ciki, shi ke nan, Allah ya ƙara basira.

Aka zuba rufi. Aka zo kan Fuska.

Abin da ya faru a makon nan ya faranta ran Akitek fiye da komai. Baba, wanda da yake ganin kamar bai fahimci girman aikin ba, sai ga shi ya canza. Ɓangaren hagu na Fuska, tsakanin ginshiƙai biyu, ya hana kowa taɓawa. Shi ya kwaɓa da kansa, a bayan sito, shi ya ɗauko, shi ya jera, bulo bayan bulo, yana lallaɓa kowanne. Mai sito ya lura cewa yashi na tafiya amma siminti na nan inda yake, ya dubi Baba, Baba ya dube shi, ya koma ya ci gaba da jera shebur. Akitek kuwa ya gane abin nan take. Tarbiyya ce ta kama. Wata takwas yana zuba ilimi a kan dutse, ga shi ya tsiro.

Ranar Alhamis ya sa aka tsayar da aiki, ya tsaya a gaban ɓangaren hagu, ya ƙwanƙwasa shi a hankali da gindin alƙalami, ya kasa kunne kamar likita.

"Kun ji wannan sautin? Wannan shi ne sautin sa ido. Ku dubi layin nan, ku dubi na dama da sauranku suka yi. Bambancin shi ne wannan dattijo ya daina tambaya ya fara biyayya. Ina gaya muku, da ni da ku duk za mu wuce, titin nan zai canza, amma wannan bango zai ga jikokin jikokinmu."

Ya zaro koren alƙalami, wanda ba a taɓa ganin ya buɗe ba, ya sa hannu a takardar shaidar inganci. Ya ba Baba hannu, abin da bai taɓa yi ba, sannan ya goge da hankici. Baba ya ce an gode, Yallaɓai.

Tanderu ya iso ranar wata Alhamis da hantsi, a bayan babbar mota mai ƙugiya, lulluɓe da tamfol. Gwaggo ta riga kowa zuwa, ta ci ado kamar mai tarar baƙo daga tafiya. Sama ta ɗan yi nauyi ta gabas, amma ba wanda ya kula. Akitek ya iso a kan lokacinsa, ya tsaya a kan dandamali hannu a baya, don a samu wanda zai karɓi kayan a hukumance.

Direba ya leƙo ta taga ya tambaya ta ina za a shigar. Akitek ya nuna masa ƙofa da alƙalami. Direba ya dubi ƙofa, ya waiwaya ya dubi kayansa, ya sake duban ƙofa, sannan ya dubi Akitek tun daga hula har takalmi. Ya sauko ya kwance igiya, ya sa ƙugiya ta ɗaga tanderun ta dire shi a kan bututan ƙarfe a gaban ginin, ya naɗe tamfol ɗinsa, ya ce yana da wani kaya a gaba. Kafin a ce wani abu motar ta sha kwana.

Ga tanderu a fili, ƙato, yana sheƙi, ya fi kowa a wurin tsayi. Ga ƙofa a bayansa, doguwa siririya, ita ma yau ta ji ƙanƙantarta.

Hutun tef ɗin awo ya ƙare. Akitek ya auna ƙofa, mita ɗaya da 'yan kai. Ya auna tanderu, mita biyu da rabi. Ya sake auna ƙofa ko ta yi tunani. Ya auna tanderu ta gefe, ya auna shi ta baya, ya auna shi a karkace. Gumi ya fara bin gefen hular kwano. Ya warware zane mai lamba bakwai, ya duba, ya ji ɗan sanyi a ransa, don a can har yanzu komai lafiya. Ya ɗago ya dubi tanderun da idon wanda aboki ya ci amanarsa.

"Ina so kowa ya shaida," ya ce, "kuskuren nan ba daga zane yake ba. An ƙera wannan abu ba tare da la'akari da ƙofa ba. Yau ɗin nan zan rubuta wa kamfanin."

Mutumin kamfanin yana tsaye a gefe da jakar kayan aikinsa, shi aka turo ya haɗa gas. Cikin ladabi ya tuna wa Yallaɓai cewa kusan shekara ke nan da suka aika wa ofishinsa awon tanderun, kuma ga alama daga takardarsu aka kwafi lambobin da ke cikin zanen nan. Akitek ya ce to a kwance shi gunduwa-gunduwa. Mutumin ya ce walda ce, ba noti ba. Akitek ya ce to a ɗaga ta sama. Aka tuna masa rufin kankaren da ya duba a waya. Ta baya kuwa katangar maƙwabci ce, ta gefe ginshiƙai ne a jere, shi da kansa ya matso da su don kyan tsari. Mutumin kamfanin ya ɗaga kai ya dubi gabas, ya ƙara da cewa jikin tanderun cike yake da audugar riƙe zafi, samansa kuma a buɗe yake sai an haɗa bututun iska. In ruwa ya shiga ya jiƙa audugar, to sai dai a yi kejin kaji da shi.

Iska ta taso ta kwashi takardar buhun siminti ta wuce da ita.

Gwaggo ba ta bi duk bayanin ba, amma ta fahimci abin da ya dame ta. Ta matsa ta ɗora tafin hannu a jikin ƙarfen, ta shafa shi a hankali. Ba ta ɗaga murya ba.

"Ɗan nan," ta ce, "ka ce min yana ciki."

Kunya ta kama shi, ta gaske, irin wadda rabonsa da ita tun yana gajeren wando. Ya ga idanun nan jajaye masu ruwa, ya tuna yadda take tari da asuba. Sai dai kunyar ba ta saba da gidan ba, ba ta samu wurin zama ba. Ya gyara murya ya ce abin da ya dace yanzu shi ne a kira taron gaggawa na masu ruwa da tsaki, a duba zaɓuɓɓuka, a fitar da zane na gyara, wanda in an matsa zai iya fitowa Alhamis mai zuwa.

Yana cikin lissafa waɗanda za a gayyata Baba ya wuce ta gabansa da cokali a hannu. Ya taka tsani a gaban ɓangaren hagu na Fuska, ya soka bakin cokalin a layin sama, yashi ya zubo shar. Ya sa hannu biyu ya zaro bulo ɗaya cif, kamar ana zare burodi daga faranti, ya miƙa wa na ƙasa. Ya zaro na biyu. Ba wanda ya ba da umarni, leburori suka yi layi, bulo na bin hannu yana sauka a gefe a jere, ko ɗaya bai fashe ba. Bangon da zai ga jikokin jikoki bai ga azahar ba.

Hannun Akitek ya kai aljihu ya taɓa koren alƙalami ya dawo. Amma gwani gwani ne, ba a kayar da shi a tsaye. Kafin a cire layin ƙarshe ya farfaɗo, ya matsa kusa da mutumin kamfanin, wanda shi kaɗai ne hannunsa ba bulo.

"Abin da kake gani ke nan," ya ce, "shi muke kira bango mai sassauci. Sabon salo ne, ba kowa ya san shi ba. Da gangan ban sa shi a zane ba. Wani lokacin sai ka bar ma'aikaci ya gano nufinka da kansa, in ba haka ba ba zai girma ba."

Mutumin ya ce Yallaɓai ya ɗan matsa, za a wuce da igiya.

Hanya ta buɗe, faɗin mita uku. Aka ɗaura igiyoyi, aka jera bututai, maza suka sa kafaɗa, tanderu ya fara gangarawa a hankali yana gurnani. Ya yi taku shida ya ja ya tsaya. Ya iso dandamali, mai tsayin gwiwa, wanda ya hana gini zama daidai da titi. Ɗigon farko ya faɗo a kan ƙarfen, kowa ya ji ƙararsa.

Baba ya sa aka jawo wani jibgegen katako, dogo, aka cusa bakinsa a ƙarƙashin gaban tanderun, aka tokare tsakiyarsa da tulin bulo. In aka danne wancan ƙarshen, gaban tanderu zai ɗaga, a cusa faifan katako da bututai, a tura ya hau. Matsalar ita ce kowa na da wurinsa. Shida suna baya, huɗu suna kan igiya a ciki, mai sito da kafinta suna durƙushe da bututai, mutumin kamfanin ya cire rigarsa ya hau ya rufe bakin saman da ita. Gwaggo ma ta kama wutsiyar igiya. Ba lokacin cika buhu da yashi. Baba ya waiga hagu, ya waiga dama, idonsa ya sauka a kan mutum ɗaya da ya rage a tsaye, wanda kuma Allah ya yi shi ya fi kowa a wurin cikar jiki.

"Yallaɓai," ya ce, "don Allah zauna a nan."

Akitek ya dubi ƙarshen katakon. Ya so ya ce wani abu game da matsayinsa a tsarin aiki. Sai ya ji muryar Gwaggo daga ciki, irin muryar da take kiransa da ita ya zo ya yi wanka, ta ce zauna mana, ɗan nan. Ya ɗaga ƙafa ya haye katakon kamar mai hawa jaki, ya rungume bututun zanensa, ya saki jiki.

Katako ya yi ƙara, ya sunkuya, ya yi ƙasa da shi sannu a hankali har takalmansa suka nutse a cikin ragowar kwaɓi. Gaban tanderu ya ɗaga. Ya ɗaga sosai, har ya wuce yadda ake buƙata. Baba ya ce madalla, kada ya motsa.

Ruwa ya sauko. Akitek na zaune a ƙarshen katako, ruwa na buga hular kwano yana gangarowa ta wuyan riga, alƙaluma huɗu suna zubar da hawaye kala-kala a aljihu. Ya ga dai bai kamata lokaci irin wannan ya wuce ba jawabi ba, ya ɗaga yatsa ya fara bayanin cewa wannan dabara tana da asali a ilimin ma'auni, kuma tun a shekararsa ta biyu a jami'a...

"Yallaɓai, yi shiru," in ji Baba. "Kana girgiza katakon."

Ya yi shiru.

Aka cusa bututai, aka ja, aka tura. Tanderu ya hau dandamali, ya yi ɗan jinkiri a baki, sannan ya shige ƙarƙashin rufi da 'yan ɗigo kaɗan a kafaɗarsa. Suka gangara da shi har tsakiyar ɗakin gashi. Mutumin kamfanin ya zura hannu ta sama ya taɓa audugar, ya ce a bushe take. Gwaggo ta zauna a kan bulo ta rufe fuska da gefen mayafi, ta yi kukanta na daɗi, maza suka juya baya suna ta gyaran igiyar da ba ta buƙatar gyara.

An jima kafin a tuna da Akitek. Yana nan inda aka ajiye shi, a kan katako a cikin taɓo, don ba wanda ya ce ya tashi. Gwaggo ta fito bakin rufi, ta ƙanƙance ido har ta gano farar hular a cikin ruwa, ta yafito shi. Ya taso yana ɗiga, yana shirya yadda zai fara. Ta kama hannunsa da nata biyu, fuskarta cike da alfahari, kuma har ga Allah ba zolaya a ciki.

"Allah ya yi maka albarka, ɗan nan. Yau ka yi aiki." Ta juya wajen Baba. "Shekara ashirin ina ɗura masa burodi, dangi suna cewa na ɓata shi da ƙiba. Ashe da ranarta."

Sannan ta tuna cewa injin kwaɓa fulawa na tafe jibi, ta tambayi Baba ko za a sake buƙatar yaron, don a gaya masa da wuri ya shirya. Baba ya dubi Akitek sama da ƙasa, ya yi ɗan lissafi a ransa, ya ce a bar Yallaɓai ya huta. Injin kwaɓi bai kai tanderu ba, kuma jibi akwai lokaci, buhun yashi biyu za su yi aikinsa.